Mai Malafa Ya Gudu ko Bai Gudu Ba

Silima ta zo Gure sau ɗaya a ƙuruciyata, 'yan shekaru kafin yaƙin annasara na biyu. Wuni ta yi ta tafi. Gardamar da ta bari kuwa ta fi shekara ba ta mutu ba, kuma kawuna ya fi kowa shan wahalarta.

Kawun nan wan mahaifiyata ne, dillalin raƙuma a kasuwar bisashe. A hannunsa na tashi, kuma a lokacin da nake ba da labari na riga na yi aure, ina dillanci a ƙarƙashinsa. Dillali a wurinmu ba ciniki kaɗai yake haɗawa ba, shi ne shaidar cinikin. Makiyayi ya taso daga Alakos da raƙuminsa, bai san mai saye ba, mai saye bai san shi ba, dillali ne ya san su duka. In daga baya wani ya zo ya ce raƙumin nan nawa ne aka sace, dillali ake kira gaban alƙali ya faɗi abin da idonsa ya gani: wa ya kawo dabbar, wace alamar wuta ce a cinyarta, wane kunne aka tsaga. Kawuna in ya faɗi, alƙali sai ya rantsar da mai kaya a tashi. Ba a taɓa neman wani ya ƙara a kan maganarsa ba. Ba shi da babbar gona, ba shi da garke. Wannan idon da wannan maganar su ne abincin gidanmu.

Wani annasara ne ya kawo silimar. Ya fito daga Damagaram zai yi gabas wajen tafkin Cadi, kamyonsa, wato babbar motarsa ta kaya, ya lalace a rairayi, ya sauka a bariki wajen kumandan yana jiran gyara. A cikin kayansa akwai ɗan ƙaramin inji, bai fi akwatin amarya ba, da hannu a gefe irin na keken ɗinki. Zaman banza ya ishe shi, ya ce zai nuna wa mutanen gari. Aka share mangaza inda ake ajiye hatsi, aka toshe tagogi da tabarmi, aka rataya farin ƙyalle a bango, aka jawo wuta daga batirin kamyon. Bazara ce. Ciki kamar tanda.

Aka ce sau biyu za a nuna: da hantsi dattawa, bayan la'asar sauran jama'a. Ni na shiga duka biyun, da safe tare da kawu, da yamma tare da abokaina. Kowane karo tafintan kumandan ya tsaya gaban mutane ya yi jawabi iri ɗaya. Ya ce abin da za ku gani ba mutane ba ne, ba aljanu ba ne, hoto ne. An ɗauka an gama. Ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ko sau nawa aka nuna shi abu ɗaya za a gani. Mutane suka riƙe wannan magana da kyau, har suka fi riƙe ta bisa abin da suka gani.

Labarin ba shi da yawa, kuma babu sauti, sai ƙarar injin. Wani siririn annasara mai malafa yana tsaye a ƙofar wani gida na dutse yana magana da wata mace mai kwando. Sai wani ƙato mai tumbi da gashin baki ya fito da sanda, ya kaɗe malafar ta faɗi ƙasa. Siririn ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya sa, ya dubi ƙaton, ya juya ya bi wata doguwar hanya mai itatuwa dama da hagu har ya zama ɗan ƙanƙane. Wani kare ya bi shi. Macen ta rufe fuska da hannu. Daga nan ƙyalle ya koma fari. Tafinta ya ce akwai naɗi na biyu mai ƙarshen labarin, amma zafin hanya ya manne shi, ba ya warwaruwa.

Da safe tsohon kukun annasaran ne ya juya hannun injin. Na tuna mai malafa yana tafiya a hankali, kafaɗa a miƙe, bai waiwaya ba. Kawu ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ka ga ɗan asali." Da yamma wani saurayin gardi, mai gadin bariki, aka sa ya juya, mangaza ta cika har bakin ƙofa, kuma na tuna ana ta dariya har ana dukan juna a baya, domin mai malafa da ya juya sai ya zuba kamar an sa masa garwashi a wando, karen na biye.

Bayan magariba muka fito da akusanmu ƙofar gidan mai kanwa, inda mazan unguwa ke ciyayya. Mai kanwa Bamange ne, falke, yana ɗaukar hayar raƙuma ya kai kanwa kudu. Shi da kawu tun suna samari suke cin tuwo a tabarma ɗaya. Da safe yana wajen ɗaurin kaya, saboda haka da yamma ya shiga.

"Dillali," in ji shi, "ka ga ɗan tseren nan? Wallahi ko barewa ba ta kamo shi."

"Wane?"

"Mai malafa mana. An ɗan taɓa masa hula, ya ranta a na kare, karen ma da ƙyar ya cim masa."

Kawu ya mayar da lomarsa cikin akushi. "Wa ya gudu?"

"Au, barci ka yi a ciki? Na ji an ce ku dattawan safe rabinku gyangyaɗi kuka yi."

"Idona biyu. Tafiya ya yi. Tafiyar mutumin da ya fi ƙarfin a ja shi dambe a gaban mace."

"Tafiya!" Mai kanwa ya buga cinya. "In wannan tafiya ce, ni ban taɓa ganin gudu ba tun da uwata ta haife ni. Kai jama'a, ku ji Bahaushe."

"Kai dai kanwa ta cinye maka ido, Bamange."

Har nan wasa ne, irin wanda suka saba. Ni ne na ɓata shi ba da nufi ba. Na ce, "Kawu, Baba, ku duka kuna da gaskiya. Da safe tafiya ya yi, da yamma gudu ya yi. Na ga duka biyun."

Suka juyo mini tare. Mai kanwa ya ce ba ka ji tafinta ba ne, ɗan nan? Hoto ba ya sakewa. Kawu ya ce alamar da ke cinyar raƙumi da safe ita ce a cinyarsa da yamma, kada in sake kawo masa maganar 'yan tsakiya, wanda ya ga abu ya faɗi abu ɗaya. Wannan kaɗai suka yarda da shi su biyu: abin bai sake ba. To in bai sake ba, ɗayansu bai ga daidai ba. Aka ci tuwon ranar ba daɗi.

Kashegari kamyon ya tashi, annasara da kukunsa da injinsa suka yi gabas. Gari ya rabu biyu, 'yan safe da 'yan yamma, kuma 'yan yamma sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Ba gudun kaɗai ake gardama a kai ba. A bakin rijiya mata suna ja a kan mai kwando. Matata, wadda ta leƙa daga bakin ƙofa, ta ce budurwarsa ce kuma ƙaton ubanta ne. Mahaifiyata, wadda ba ta je ba ko kusa, ta fi kowa tabbaci: matar ƙaton ce, kuma mai malafa ya ci sa'a da hula kaɗai aka kaɗe masa. Mahauta suka tsaya bayan mai tumbi, suka ce mutum ya fito ya tarar da baƙo a ƙofarsa, me ake so ya yi, ya kawo masa fura? Wani malami ya ce shi ba ruwansa da gudu ko tafiya, mutumin da kare ke bi a baya ba abin yabo ba ne. Maharba suka ce ai karen ne shaidar kirkinsa, kare ba ya bin matsoraci. Yara kuwa suka mai da abin wasa, ɗaya ya sa faifai a ka, ɗaya ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi, kuma a wasansu kullum gudu ake yi, don shi ya fi ban dariya.

Maganata ta "duka biyun" ta zaga gari, wasu suka ɗauke ta suka yi mata gini. Wanzamin unguwarmu ya ce abin a fili yake: da safe mai malafa ya ga dattawa zaune, ya ji kunya ya yi gudu a gabansu, da yamma da ya ga yara da 'yan kasuwa sai ya saki jiki. Wani ya ce a'a, da safe bai san abin da ke zuwa ba, da yamma ya riga ya ɗanɗana sandar, shi ya sa bai tsaya ba. Akwai wani tsohon soja da ya yi Faransa, ya ce shi ya san hanyar nan mai itatuwa, ya bi ta da ƙafarsa, kuma mutanen can haka tafiyarsu take saboda sanyi. Ba wanda ya kula shi, don ya saba cewa ya san kowace hanya. Aka je wa tafinta, ya ce shi jama'a yake fuskanta, bayansa ke wajen ƙyallen. Aka tambayi gardin, ya ce hannunsa yake kallo kada annasara ya yi masa faɗa. Ba wanda ya yi tunanin tambayarsa yadda ya juya hannun, ni ma ban yi ba. Ya za a yi hannun ɗan Gure ya sa annasara gudu a ƙasarsu?

Sai bayan shekaru masu yawa na gane wannan gefen. Na bar Gure na yi Lami ta ƙasar Cadi, na yi Umdurman ta Sudan a hanyar Makka na daɗe a can, na yi Masar, daga baya na zauna Kano. A Umdurman na yi maƙwabtaka da wani Bagirike mai gyaran injuna, na ga irin akwatin nan a shagonsa cikin tarkace. Na ba shi labari da Larabcina na kasuwa. Ya yi dariya, ya nuna mini: ka juya a hankali mutane su yi tafiyar hawainiya, ka juya da ƙarfi su yi tsalle-tsalle. Tsohon kuku a cikin zafin mangaza, da saurayin gardi mai son a ga ƙarfinsa. Na ji kamar an sauke mini kaya. Sai na ce masa, to wanne ne daidai? Mutumin tafiya ya yi ko gudu, ranar da aka ɗauke shi? Ya ɗaga kafaɗa ya ce wanda ya ɗauki hoton ma da hannu ya juya nasa injin, sai ka nemo shi ka tambaye shi ko ya ci abinci a ranar. Kayan suka dawo kaina.

Na ga masu gardamar silima a ko'ina na zauna. A Masar suna zagin mugu da babbar murya har su jefi ƙyalle da ɓawon gyaɗa. A Kano, inda tsofaffi ke ce wa irin tamu majigi, na ga samari sun kusa dambe a kan wane jarumi ya fi wane. Amma duk waɗannan in gardama ta yi zafi, gobe suna komawa su sake kallo, wanda ya yi kuskure ya sayi shayi. Mu tamu ta hau kamyo ta tafi. Abin da ya rage yana cikin kawunan mutane, kuma ni kaina, da aka yi wata biyu ana ja, na fara shakkar nawa. In na rufe ido in tuno safiyar, sai in ga ƙafafun suna ɗan sauri. In tuno yammar, sai in ce ko dariyar mutane ce ta sa na ga gudu. Har yau da nake rubutu ban san wanne na gani ba da wanne aka faɗa mini har ya zauna.

A kasuwar bisashe abin ya fara da tsokana. Kawu na duba haƙoran raƙumi, sai wani ya ɗaga murya daga nesa, "Dillali, wancan da ke wucewa, tafiya yake ko gudu?" A yi dariya. Baƙin da suka zo saye daga nesa ba su san labarin ba, sai su tambaya me ake wa dariya. Wanda ba ya son dogon bayani sai ya ce, ai tsohon ne ido ya fara yi masa gardama. Haka maganar ta bi ayari ta fita gari, ba silima a cikinta, ba mai malafa, sai idon kawu.

Sauran dattawan safe suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce duhu ya yi yawa, wancan ya ce rawanin na gabansa ya tare shi, wani ya amsa cewa lalle ya ɗan runtsa. Ba su da abin da za su rasa. Kawu ya rage shi kaɗai. Ya daina fita ciyayya, yana cin tuwonsa a zaure.

Mahaifiyata ta same shi wata rana da hantsi yana gyaran akala. Ina wurin.

"Yaya, don Allah ka ce ƙila. Kalma ɗaya ce. Ka ce ƙila gudu ya yi, mutane su yi dariya su manta. Annasaran nan ba danginmu ba ne."

"In na ce ƙila a kan wannan, gobe a kan raƙumin wani me zan ce?"

"To ai yanzu ma cewa suke ba ka gani."

"Su ce. Ni ban ce ba."

Ta juyo gare ni ta ce kai da ka iya magana ka faɗa masa. In ya ja da baya ya amsa idonsa na kuskure, in ya tsaya ya zama mutum ɗaya da ke ƙaryata rabin gari. Na duba ta nan na duba ta can, ban ga ƙofa ba.

Bayan kaka shari'ar ta zo. Wata taguwa ce, raƙuma ja, da wani makiyayin Alakos ya sayar ta hannun kawu, wani manomi daga Gidigir ya saya don jigilar hatsi. Sai ga wani mutumin Kelle ya ce tasa ce, ta ɓace masa da damina. Makiyayin ya riga ya yi arewa da garkensa, ba a san inda yake ba. Aka taru a zauren alƙali, taguwar na durƙushe a waje tana tuƙa. Kawu ya faɗi abin da ya sani: ya san uwar taguwar, ya san alamar gidan makiyayin, ita ce a cinyar hagu, kuma a ranar ciniki alamar tsohuwa ce, gashi ya rufe ta, ba a taɓa ta da sabuwar wuta ba. Alƙali ya juya zai kira manomin Gidigir ya rantse kamar yadda aka saba.

Mutumin Kelle ya ce, "Allah gafarta malam, ina da suka a kan shaidar nan. Wannan dattijo ya ga mutum na gudu ya ce tafiya yake. Garin nan kaf shaida ne."

Alƙalinmu tsoho ne mai sanyin magana. An gayyace shi kallon ranar ya ce yana da baƙi. Ya ce, "Wane mutum?"

"Mai malafa, Allah gafarta malam."

"Ɗan wane gida ne?"

Aka ce annasara ne. Ya ce a kira shi. Aka ce ba ya nan, a Faransa yake. Ya ce to a Faransa kuka ga gudun? Aka ce a'a, a mangaza. Ya ce yaushe ya zo mangaza? Aka ce bai zo ba, hotonsa ne ya zo. Ya ce hoton ne ya gudu? Zaure ya ɗauki hayaniya, kowa na bayani, wanzami na cewa kunya ce, wani na cewa kare ne shaida. Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Dillali, kai me ka gani?"

Mahaifiyata na tsaye a bayan zana tana saurare, na san abin da take roƙo.

"Tafiya ya yi, Allah gafarta malam."

Aka yi guna-guni. Wani ya ce ɗan 'yar'uwar dillali ya shiga sau biyu, a tambaye shi. Alƙali ya ce shaidata ba ta karɓuwa a kan kawuna, amma in faɗa ya ji. Na ce da safe tafiya, da yamma gudu. Ya ce mutum ɗaya? Na ce ɗaya. Ya ce hanya ɗaya? Na ce ɗaya. Ya ce kuma an ce abin ba ya sakewa? Na ce haka aka ce. Ya dafe goshi.

Da ya ɗago ya ce shi bai karanta hukuncin inuwa a littafi ba, ba zai yanke ko ta gudu ko ba ta gudu ba. Amma jama'a masu yawa sun saɓa wa shaida a kan abin da aka gani da ido, ba zai yi kamar bai ji ba. Yana son mutum na biyu a kan taguwar. In babu, zai ɗage shari'a har a samo makiyayin.

Ba wanda ya tashi. Mutane da yawa sun ga taguwar ranar kasuwa, sai dai wa ke duba cinyar raƙumin da ba shi zai saya ba?

Mai kanwa ne ya miƙe daga can baya, yana kakkaɓe riga. Rabonsu da magana da kawu tun bazara.

"Allah gafarta malam, ni na taya taguwar nan kafin mutumin Gidigir, farashi ne ya raba mu. Na shafa cinyarta da hannuna. Abin da dillali ya faɗa haka yake, ba ragi. A kan taguwa ke nan." Ya ɗan tsaya. "A kan mai malafa kuwa bai faɗi daidai ba, gudu ya yi, a kawo Alƙur'ani in dafa."

Alƙali ya ce ba a tambaye ka wannan ba, zauna. Ya ba manomin Gidigir taguwarsa.

A waje mutane suka kewaye kawu suna barka. Bai dubi mai kanwa ba, ya wuce gida. Kafin la'asar gari ya samu sabuwar gardama. Wasu suka ce dillali ya ci, an tabbatar da maganarsa a gaban alƙali, har abokin jayayyarsa ya shaide shi. Wasu suka ce ya faɗi, tunda maganar da ke tsayawa da ƙafarta yau sai da aka tokare ta. Matata na cikin na farko, mahaifiyata na cikin na biyu. Suka tambaye ni, na ce ban sani ba, suka ce kai dama kullum haka kake.

Ranar kasuwa ta zagayo. Makiyaya suka sauka gidanmu kamar kullum, su ba su ga silima ba kuma ba su damu da ita ba. Kawu ya haɗa cinikin wani amale, ƙaton raƙumi, tsakanin ɗayansu da wani baƙo mai sayen raƙuma daga kudu. Aka daidaita, aka kai ga sa albarka. Baƙon ya riƙe hannunsa bai miƙa ba. Cikin ladabi ya ce, "Baba, ba don komai ba. Na ji an ce akwai wani mai kanwa. Ko za a kira shi shi ma ya gani?"

Kawu ya tsaya da akala a hannu. Na ɗauka zai jefar da ita ya tafi gida, kuma da ya yi hakan ban san abin da za mu ci ba. Ya dubi amalen, ya dubi makiyayin da ya kwana biyu a hanya yana jiran a sallame shi. Sannan ya ce a kira shi.

Mai kanwa ya zo yana mita, wai an tashe shi daga awo, wai shi ba dillali ba ne. Ya zaga raƙumin, ya shafa cinya, ya ɗaga kunne, ya ce, "Na gani." Baƙon ya miƙa hannu. Kawu ya ba shi akala. Aka so a ba mai kanwa wani abu daga la'ada, ya ce a bar shi, ya koma rumfarsa.

Haka aka ci gaba da yi har na bar Gure. Ba kowane mai saye ke nema ba, amma da yawa suna nema, kuma duk wanda ya nema kawu ya aika, mai kanwa ya zo ya ce na gani. Gidanmu bai rasa tuwo ba. Kawu bai sake zama shaida shi kaɗai a zauren alƙali ba.